Kaza a Ƙofar Hagu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Kofur ce ta bar wannan littafin a kan firji ranar da za ta tafi. Ta ce, "Baba, in surutu ya cika maka ciki ka juye a nan, ka bar Mama ta huta." Wata biyar ke nan, sai yau na buɗe shi. Wanda ya tsinta ya yi haƙuri da rubutun. A aji biyar ni da makaranta muka rabu, ba faɗa ba gaba, kowa dai ya gane ba ya son ɗan'uwansa.

Ni mai fenti ne a garejin rundunar kiyaye zaman lafiya. Shekara biyu ina shafa wa motoci kore, launin ƙungiyar yankinmu, in zana tambarinta a ƙofa: hannu biyu sun riƙe juna. Yau Fomen ya tara mu ya ce an sa hannu a yarjejeniya, ƙungiyar duniya ta shigo aikin. Su za su kawo mai da abinci da magani, namu su kawo sojoji da motoci. Saboda haka duk mota za ta koma fara. Aka tafa. Ni ban tafa ba, don na san kafaɗar wa za ta yi shafar.

An ware mini mota goma sha biyu, wai da gaggawa. Su ne za su je Sansani na Tara.

Can Kofur take. Babbar 'yata ce, tana tuƙa motar asibiti.

Talata, da yamma

Kore ba ya mutuwa da sauƙi. Ka shafa fari sau ɗaya, ya leƙo. Sau biyu, ya leƙo kamar maƙwabci. Sai a na uku yake yin shiru.

Gwamnati ta tambaye ni ko wayar yarinyar ta shiga. Matata nake kira haka, don ita ke yanke hukunci, ni ke biyan haraji. Na ce babu sabis a can, hadari ne. Ta ce, "Kwana tara ana hadari?" Na ce damina ce mai ƙarfi. Ta ɗauke kofin shayina tun ban shanye ba.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Wakilin ƙungiyar duniya ya zo. Wani siriri mai tabarau, yana yawo da tef ɗin awo a aljihun riga kamar tela. Ya ce sitikar tambarinsu tana cikin jirgin ruwa, ba ta iso ba, ko zan iya zanawa da hannu? Ya miƙo takarda: tattabara ta buɗe fiffike. Na ce, "Yallaɓai, wannan ai wasa ne."

Na yanka kwali, na fesa a ƙofofin mota uku. Dogo, babban direban ayarin, ya zo ya tsaya, ya karkata kai.

"Baba Fenti, za mu kai musu zaman lafiya ne ko ƙwai?"

Na ce tattabara ce, ta ƙoshi ne kawai.

Tsohon ciwo ne. Kofur tana aji biyu aka ce su zano tsuntsu, na karɓi fensir na zana mata mikiya, don a san 'yar wa ce. Malama ta rubuta a ƙasa: kaza mai kyau. Tun daga ranar, ko jirgin sama na zana sai yarinyar nan ta ce, "Baba, ina hatsinta?"

Laraba, ƙarfe uku

Kanar ya zo, na ƙungiyar yankinmu. Ya dubi ƙofofin, ya dube ni.

"Ina hannayenmu?"

"Suna ƙarƙashin farin, ranka ya daɗe. Lafiyarsu ƙalau."

Bai yi dariya ba. Ya ce yana da umarni daga hedikwata: sojansa ba zai hau motar da ba ta ɗauke da tambarin ƙungiyarsa ba. Mai Tabarau ya ce shi ma yana da umarni: famfon mai ba ya zuba wa motar da ba tattabara. Fomen ya ce to a sa biyun a ƙofa ɗaya. Suka ce da kyau, wanne a sama? Aka ce a jera su. Suka ce wanne a gaba?

An tura tambayar manyan ofisoshi biyu, kowanne a wata ƙasa. Ni an ce in goge tattabarun kafin a ji.

Na goge.

Alhamis, da yamma

Ba a tafi ba.

Juma'a, ƙarfe biyu

Rediyo ta ce haɗin gwiwar ƙungiyoyin biyu abin tarihi ne. Na ji ta ina wanke burushi da tina. Mutumin yana da murya mai daɗi.

An jawo motar asibiti mai lamba 14 daga hanyar gada, wadda ke zuwa Sansani na Tara. Fanel bita ya kira ni in ga yawan aikin. Ramin harsashi bakwai, duk a gefen baya. Na ƙirga sau uku. Gefen direba ba ko ɗaya. Gilashin gaba ya tsage, amma tsagewar dutse ce, na san ta. Mai janwe ya ce a buɗe suka tarar da ita, ba kowa, an ce mutanen ciki sun koma sansani da ƙafa. Na ce wa ya ce? Ya ce an dai ce.

Makullin yana jiki. Na cire abin da aka maƙala masa na sa a aljihu, kada ya ɓata.

Fanel bita ya cike ramukan, na bi da samfefa, na fesa fari sau uku. Ta yi kyau. Ba wanda zai ce wani abu ya taɓa samunta.

Asabar, da safe

Na ba Gwamnati labarin kazar Dogo, har da karkata kai. Ta ce, "Ka sha shayinka."

Lahadi, ƙarfe huɗu

Ba aiki. Na sake fentin ƙofar banɗaki, ko da yake watan jiya na yi mata.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Gwamnati ta yi wanki jiya. Yau da na zauna, ga abin maƙala makullin nan a gefen kofina, an wanke shi, an busar. Jan ulu ne, ita ta saƙa shi da hannunta, har da tuntu. Ta yanka burodi, ta turo mini, ta zauna tana kallon bango.

Na ce, "Gefen direba ba ko ɗaya."

Ta ce, "Ban tambaye ka ba."

Na ce, "Na ƙirga sau uku."

Ta ce, "Za ka makara."

Litinin, ƙarfe ɗaya

An yi taro awa huɗu a ofishin sama. An amince a sake taro.

Mota goma sha biyu suna tsaye farare tas, ba tambarin kowa, kamar marayu. An loda musu jarkokin ruwa tun Alhamis. Rana na dukan jarkokin, ruwan ya yi zafin da za a iya haɗa shayi.

Talata, da rana

Dogo yana da aboki a ɗakin oba-oba. Ya ce Sansani na Tara suna buɗe na'urarsu minti goma kowace safiya, don janareto ba mai. Ranar Asabar sun ce ruwa ya koma rabin gora ga mutum ɗaya. Ranar Lahadi ba su buɗe ba. Jiya ma. Sabbin na'urorin da ƙungiyar duniya ta kawo kuwa masu kyau ne ƙwarai, sai dai ba sa jin yaren tsofaffin.

Ya ce, "Ni abin da ke damuna, in mun je wa zai gaya musu mu ne? Kore suka sani. Kuma 'yan bindigar da suka tare gada sun ƙwace motoci biyu, sun taɓa zuwa musu da su."

Na ce ya ɗaga hannu ta taga, ai tsawonsa ya isa shaida.

Su talatin da huɗu ne a can. Ban tambaya ba, shi ya faɗa.

Laraba, da yamma

Mai Tabarau ya sauko gareji shi kaɗai. Ya tsaya gaban motocin ya daɗe, yana jan tef ɗinsa yana sakewa. Ya tambaye ni da Turanci ko ina da yara. Na ce uku. Ya ce suna ina? Na ce biyu suna makaranta. Ya jira ta ukun. Na ce fenti yana bushe mini, na juya.

Bayan awa ɗaya Kanar ya sauko, shi ma shi kaɗai. Ya bubbuga jarka ɗaya da sandarsa. Idonsa ja, ya ce mura ce. Na ce Allah ya sawwaƙe, tana yawo a gari.

Ofishin Mai Tabarau yana gabas da filin, na Kanar yana yamma. Kowa ya koma nasa.

Alhamis, ƙarfe shida da rabi na safe

An liƙa yarjejeniyar a allon sanarwa, shafi goma sha ɗaya. Jiya bayan an tashi na tsaya na bi ta da yatsa da Turancina na aji biyar. Galibi ban gane ba. Amma na gane layi ɗaya a shafi na bakwai: tambari zai kasance a ƙofar gaba. Na karanta sau biyar, ko'ina ƙofar gaba.

Masu ilimi sun karanta ƙofa. Ni da nake durƙusawa ina shafawa, gwiwata ta san biyu ce.

Na gaya wa Gwamnati abin da zan yi. Na ce mai yiwuwa su kore ni, shekarata hamsin da shida, ba mai ɗaukar mai fentin da bai iya tsuntsu ba. Ta tashi ta ɗauko mini rigar aiki, ta zuba abincin rana a kula, ta ƙara cokali biyu a kan na kullum.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Na gaya wa Fomen. Ya kama kumatu ya ce haƙorinsa ya tashi, zai tafi asibiti, ba zai dawo ba sai gobe. Ya bar makullin sito a kan benci, wai mantuwa.

Hagu tattabara, dama hannaye. Ƙofa ashirin da huɗu. Na auna kowane tambari taƙi biyu daidai, don kada wani ya ce an rage masa ko ƙwayar shinkafa. Hannayen sun fito da kyau, na saba da su. Tattabarun kuwa, da na ƙara sauri sai suka ƙara ƙiba.

Dogo ya jera motocin suna fuskantar babbar ƙofa, gefen tattabara yana kallon gabas, gefen hannaye yana kallon yamma. Ya ce, "In an tambaya, ni iska na bi."

Bayana ya riƙe. A tsaye nake rubutun nan.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sun sauko kusan lokaci ɗaya, kowa daga ofishinsa, motoci a tsakani. Ni ina tsaye a gaban ta farko da tsumma a hannu, don in an kore ni a same ni ina aiki.

Mai Tabarau ya auna tattabara. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubanta. Ya tambaye ni wace irin tattabara ce wannan. Na ce ta gida ce, yallaɓai, ba ta cika tashi ba. Ya rubuta wani abu. Daga nan ya nufi gaban motar, taku uku ya rage ya ga ɗaya gefen. Ya tsaya. Ya dubi agogo, ya ce yana da kira daga hedikwata, lokaci ba zai bar shi ya zagaya ba. Ya ɗora takardar mai a kan ƙofa, a kan kazar, ya sa hannu.

A ɗaya gefen Kanar yana bin hannayen da sanda, ɗaya bayan ɗaya, har sha biyu. Ya ɗago ya hango kan Mai Tabarau ta saman mota. Ya dube ni.

"Mai fenti, can gefen ma haka yake?"

"Girmansu ɗaya, ranka ya daɗe."

"Ba girma na tambaya ba."

Na dubi tsumman da ke hannuna.

Ya ce, "Gwiwata tana damuna kwanan nan. Likita ya hana ni zagaye." Ya karɓi biro daga hannun Sajensa ya sa hannu.

Ba su gaisa ba. Amma da Mai Tabarau zai juya ya ɗaga tef ɗinsa sama kaɗan, Kanar ya ɗaga sanda. Wannan ne haɗin gwiwar da na gani da idona, ban ji rediyo ta faɗe shi ba.

Juma'a, ƙarfe biyu

Sun tafi. Fentin ƙofa ta ƙarshe bai gama bushewa ba, wani soja ya jingina, ya tafi da rabin fiffike a wandonsa.

Asabar, da yamma

Kwana biyu ne zuwa, in hanya ta yarda.

Lahadi

Na sake fentin ƙofar banɗaki. Gwamnati ta ce in na ƙara shafa ɗaya ba za ta rufu ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe sha biyu

Ɗakin oba-oba sun ce ayari ya wuce gada jiya da safe. Daga nan ba su ƙara cewa komai ba. Fomen ya dawo da haƙoransa duka. Ya ce an zo nemana daga ofishin sama, ya ce musu na tafi sayen tina.

Ba aikin yi. Na wanke burusan da na wanke.

Talata, da safe

Shiru.

Talata, da yamma

Gwamnati ta share ɗakin Kofur, ta canza zanin gado. Daga baya ta cire, ta mayar da tsohon, ta ce bai kamata mutum ya riga Allah ba. Na buɗe baki zan yi wasa, na duba ciki, ba kaya.

Laraba, ƙarfe huɗu

Sun shigo ƙarfe ɗaya da kwata. Mota goma sha ɗaya, ɗaya ta lalace an baro ta. Farin ya koma ruwan ƙasa. Aikin mako biyu.

Talatin da ɗaya suka sauko da ƙafarsu. Biyu an sauko da su a gadon ɗauka. Ɗaya an bar shi a mota har aka kawo tuta. Kanar ya kawo koriya, Mai Tabarau ya kawo fara, ba wanda ya tambayi wacce a sama. Kanar ya shimfiɗa tasa, Mai Tabarau ya naɗe tasa ya sa a ƙarƙashin kan mamacin.

Ni ina bayan ganga ina ƙirga. Ƙirga nake yi da kyau, ban san me ya sa na riƙa ɓacewa ba.

Ta sauko daga mota ta shida. Wandon ya yi mata yawa, ta ɗaure shi da waya. Leɓenta ya tsattsage, hannun hagu a naɗe. Ta tsaya tana dube-dube, ta gan ni, ta taho ba sauri.

Ta ce, "Baba, ina hatsinta?"

Na ce, "Tattabara ce."

Ba na tuna abin da na yi bayan nan. Dogo ya ce na zauna a kan gwangwanin fenti buɗaɗɗe. Wandon ya tabbatar.

Alhamis, da rana

Tana barci tun jiya. Ta tashi sau ɗaya, ta tarar uwarta ta bar famfo yana zuba tana wanke kofi, ta miƙa hannu ta rufe, ta koma ta kwanta. Gwamnati ta ajiye jan ulun a gefen matashinta.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Yau ta zauna da mu a tsakar gida. Ba ta yi maganar gada ba, ba mu tambaya ba. Abu ɗaya ta faɗa.

Hanyar sansanin tana lanƙwasa kafin ƙofa, sai mota ta nuna gefenta na hagu. Ranar Lahadi da rana masu gadi suka hango ƙura, sannan farar mota, sannan wata. Ba wanda ya gaya musu an canza launi. Ba hannaye a ƙofa, sai wani abu da ba su sani ba. Saje na can ya ce kowa ya kama wurinsa, in ta farko ta wuce dutsen alama a buɗe wuta. Ita tana kan bene tana canza wa mai gadi bandeji, madubin hangen nesansa yana ajiye, ta ɗauka.

"Na ce, Saje, dakata. Ya ce don me? Na ce duk duniya mutum ɗaya ne ke zana wannan kazar, kuma a gidanmu yake kwana."

Ta ce saura tsawon mota biyu ta farko ta kai dutsen. Dogo ne a ciki.

Gwamnati ta dube ni tsawon lokaci. Ta ce, "Da ka iya zane fa?"

Na ce shi ya sa na bar makaranta da wuri, na hango.

Kofur ta yi dariya, leɓen ya fashe, uwarta ta tashi neman man shafawa.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe uku

Manyan ofisoshin biyu sun aiko da amsa. Bayan nazari mai zurfi an amince tambarin ƙungiyar duniya ya kasance a hagu, na yanki a dama. Rediyo ta ce wani kwamiti ne ya samo mafitar, an yaba masa. Ni an ba ni takardar gargaɗi kan amfani da fenti ba izini. Na ba Gwamnati ta adana, ita ce takardar shaida ta farko da na taɓa samu.

Sitika ma ta iso, kwali shida. Tattabara siririya, kyakkyawa, kamar ba ta taɓa cin abinci ba. An ce in goge nawa in liƙa su.

Na goge goma. A ta sha ɗayan, motar Dogo, samfefa ta ƙare. Haka na gaya wa Fomen. Ya dubi ƙarƙashin bencina, inda bandir biyu na samfefa ke ajiye, ya kama kumatu ya wuce.